Mai Askin da Ya Sa Matsakaicin Jiha a Gaba

Mijin yayata mai aski ne. Shagonsa yana daf da ƙofar makarantar firamaren gwamnati da nake koyarwa, ɗaki ɗaya mai kujerun aski biyu, ɗayar ba ta juyawa sai an taimaka mata da ƙafa. Akwai benci na masu jira, akwai madubi mai tsagewa a kusurwa wanda yake cewa zai canza tun ina budurwa, akwai kuma rediyo a kan kanta wadda ba ta hutawa. Shi mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, kansa sanƙo ne tas. Idan masu zuwa aski suka tsokane shi a kan haka, sai ya ce ai shi ya sa ba ya tausayin gashin kowa.

A aji huɗu ya bar makaranta, lokacin da kawunsa ya ɗauke shi koyon sana'a. Yana iya karatu, amma irin na bin haruffa da yatsa, leɓe na motsi, kuma ba ya so a gan shi yana yi. Abin da ya rasa a takarda sai ya rama shi a baki. Babu ƙasar da bai san matsalarta ba, babu ƙungiyar ƙwallon da bai san dalilin faɗuwarta ba. Kuma ba a cika yi masa musu ba, don wanda ke zaune da reza a maƙogwaro yakan ga gaskiyar mai askinsa da wuri.

A gidansu na yi rabin girmana. Shi ya sa har na zama malama bai daina kallona a matsayin yarinyar da yake aika sayen sabulu ba. Malama Ƙarama yake ce mini. Ni kuma ina ce masa Baban Auta, kamar yadda Yaya take kiransa, don 'ya'yansu huɗu ne, kuma ta ƙarshen ce ta kama zuciyarsa ta riƙe. Manyan ukun duk a makarantarmu suka yi suka gama, bai taɓa taka ƙafarsa taron iyaye ba.

Ranar da ya fara zuwa ma ba don ilimi ya zo ba. Yara ne suka buga ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa shagonsa, ta zubar masa da gwangwanin hoda a kan wani mutum da aka yi wa rabin gyaran fuska. Ya shigo ajin da ake taron da tawul a kafaɗa, ƙwallon a hammata, ya ɗaga hannu. Hedimasta, mutum mai sanyin hali da bai san shi da kyau ba tukuna, ya ba shi dama.

Ya fara da ƙwallon. Daga nan ya wuce tarbiyya, daga tarbiyya ya shiga yadda ake gina makarantu a ƙasashen da ake sanyi, ya dawo kan tsadar alli, ya koma kan iyayen zamani. Mata suka fara gyara goyo, maza suka fara leƙen taga. Da ya tsaya ya ja numfashi, Hedimasta ya yi wuf ya ce saura zaɓen shugaban ƙungiyar iyaye, don tsohon ya yi ƙaura.

Wani mai sayar da katako da ke zaune a baya ya ce, "A ba mai bakin nan, ko ya zauna."

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Haka Baban Auta ya fita daga ajin yana Ciyaman, Mai Katako yana mataimakinsa, ƙwallon kuma har yanzu tana hammatarsa, ya manta abin da ya kawo ta.

Ba a yi wata guda ba Sufeto ya zo daga ofishin ilimi da sakamakon jarrabawar da 'yan aji shida na duk jihar suke yi kowace shekara. Sufeto siriri ne mai tabarau, kullum cikin mura, yana magana kamar mai isar da saƙon rasuwa. Ya manna wata babbar takarda a allo a gaban malamai da 'yan kwamiti. A kanta akwai sanduna: ja gajere, shuɗi dogo, a ɓangaren karatu, ja gajere, shuɗi dogo, a ɓangaren lissafi.

Ya ce, "Jan nan ku ne. Shuɗin kuma matsakaicin jiha. Shekara da shekaru yana gabanku."

Ciyaman ya miƙe, ya je gaban allo ya auna tsakanin sandunan da yatsu biyu kamar mai duba tsawon gemu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ita wannan makarantar a wace unguwa take?"

"Wace makaranta?"

"Matsakaicin Jihar nan. Ina so in je in ga hedimastansu. Mutum ba zai yi ta kayar da kai ba, ko fuskarsa ba ka sani ba."

Na sunkuyar da kai ina gyara ɗaurin ɗankwali don kada a ga bakina. Sufeto ya fyace hanci, ya dubi Hedimasta yana neman ceto. Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce ba makaranta ba ce. Makin duk yaran jihar ake tarawa wuri ɗaya, a raba daidai da yawansu, abin da ya fito shi ne matsakaici.

"To wane yaro ne ya ci wannan makin?"

"Ba lallai wani ya ci shi ba, Ciyaman. Lissafi ne kawai."

"Ba shi da aji, ba shi da allo, ba shi da uba?"

"Babu."

Ciyaman ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu malamai, ya ce a hankali, "Wato wanda ba ya nan ne yake ta ba ku kashi?"

Da aka tashi, ya roƙi takardar ya tafi da ita. Ya manna ta a gefen madubi, a tsakiyar hotunan salon aski, inda duk wanda ya zauna a kujera dole idonsa ya faɗa kanta. Daga ranar aski a shagon nan ya zama da sharaɗi. Kana zama, a ɗaura maka ƙyalle a wuya, sai tambaya ta biyo: ɗanka aji nawa yake, wa ke duba littafinsa, yaushe rabonka da ganin malaminsa. Wani makanike da ya saba ɗauke ɗansa daga makaranta ya riƙa miƙa masa sifana, Ciyaman ya aske masa gefe ɗaya tas, ya kashe inji, ya zauna a benci ya harɗe ƙafa.

Makanike ya ce, "Wuta ce ta ɗauke?"

"Wuta na nan. Yaron ne ba ya nan. Ka aika a kai shi aji, in ƙarasa maka."

Mutumin ya yi zagi, ya yi barazanar tafiya wani shagon, ya dubi kansa a madubi, ya ga ba zai iya ratsa titi haka ba. Kafin a tashi tara yaron yana aji da baƙin mai a gwiwar hannu.

Da safe kuwa Ciyaman ba ya buɗe shago sai ya tsaya a ƙofar makaranta da almakashi a aljihun gaba. Bai taɓa taɓa kan kowa da shi ba, sai dai ya fito da shi ya ɗan yi ƙyas-ƙyas a iska idan ya hango mai latti. Cikin 'yan makonni yara suka koma zuwa da gudu. Abin bai tsaya kan yara ba. Ni kaina ranar da motar haya ta lalace da mu na iso bayan ƙararrawa, na same shi a tsaye ya riƙe ƙugu.

"Malama Ƙarama, shi matsakaici tun ɗazu ya shiga aji."

"Baban Auta, ka bar ni in wuce, ba kai kake biyana albashi ba."

"Ni na saya miki takalmin makaranta na farko. Wuce."

Ya sa Mai Katako ya kawo ragowar itace aka gyara bencina, ya tara matasa aka toshe rufin aji uku da ke yoyo, ya matsa wa ofishin ilimi da zarya har suka turo mana malamin lissafi, ina jin don su huta da ganinsa. A gida Yaya ta ce ko a wurin cin abinci zancen ke nan, har ta fara jin kamar wani baƙo ne mai suna Matsakaici ya tare musu a ɗaki.

Shekara ta zagayo, Sufeto ya dawo da sabuwar takarda da tsohuwar murarsa. Jan sanda ya ƙaru, kowa ya gani. Ciyaman ya fara murmushi, sai idonsa ya kai kan shuɗin. Shi ma ya ƙaru.

Ya ce, "Wa ya gaya musu muna tafe?"

Sufeto ya ce babu wanda ya gaya wa kowa, sauran makarantu ma ƙoƙari suke yi. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma shi mutum ne mai son cika bayani, sai ya ƙara da cewa ai makin yaranmu ma yana cikin abin da ake tarawa, don haka duk lokacin da muka ɗaga, muna ɗan ɗaga shi.

Ciyaman ya sake duban shuɗin sandan. Can ya ce, "Wato da abincinmu yake girma."

Ranar bai yi wa kowa wa'azi a shago ba. Ya yi aski shiru kamar kowane mai aski, abin da ya tsorata mutane har wani ya tambaye shi ko jikin ne.

Abin da ke sanyaya masa rai a lokacin Auta ce. Kullum in an tashi daga makaranta takan biya shago, ya miƙa mata jaridar da yake saya don masu jira, ta tsaya a gefen madubi ta buɗe ta, ta karanto masa labarai da murya garau, ba tuntuɓe ba in-ina. Masu jira su yi ta jinjina kai. Shi kuma yana aski yana cewa, "Kun ji ko? Abin da rediyo ta faɗa da safe ke nan, ga jarida ta tabbatar." Yakan ce da duk yaran makarantar kamar Auta suke, da shuɗin sandan nan ya nemi wurin ɓuya.

A shekara ta uku Auta ta shigo aji shida, ajina. Ban yi mako biyu da ita ba na gane abin da ake ciki. Yarinyar nan kunne gare ta kamar na'ura. In wata ta karanta shafi sau ɗaya a gabanta, ta ɗauke shi ke nan har da inda aka yi tari. Amma ka buɗe mata shafin da ba ta taɓa ji ba, sai fitsari ya kama ta, ko wani abu ya faɗa mata a ido. Haruffa ta san su ɗaya-ɗaya, haɗa su ne ba ta iya ba. Haka ta ratso aji biyar a cikin taron yara masu yawa, babu wanda ya tsaya a kanta.

Na sami Yaya a kicin na gaya mata. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta ce, "Na daɗe ina zargi. Na aike ta da takardar magani ta dawo da na tari. Na yi masa magana ya ce ni me na sani."

Na same shi da kaina. Ya saurare ni har na gama, yana goge inji da buroshi, sannan ya ce, "Malama Ƙarama, in haushin tsare ki da na yi a ƙofa kike ji, ki faɗa mini kai tsaye. Kada ki biyo ta kan yarinya."

Na bar shi. Na ci gaba da zama da ita lokacin tara, amma abin yana tafiya a hankali, don ita kanta ba ta yarda akwai matsala ba.

Ana saura 'yan watanni jarrabawa kwamiti ya zauna a ofishin Hedimasta, ni ma aka kira ni a matsayin malamar ajin. Mai Katako ya rufe ƙofa, ya rage murya, ya ce shi fa ya yi bincike. Wasu makarantun dabara suke yi. Ranar jarrabawa yaran da aka san ba sa ja sai su kwana da zazzaɓi, su zauna a gida. In babu su a lissafi, jan sanda zai miƙe da kansa.

Hedimasta ya ce shi bai ji wannan maganar ba, ya shiga neman wani abu a aljihun tebur. Ni na ce ba da ni ba. Amma Ciyaman idonsa ya kawo haske.

Ya ce, "Ai kamar aski ne. Inda ya ɓata kai shi ake ragewa. Malama Ƙarama, su nawa ne irin waɗannan a ajinki?"

Na ce, "Za su kai goma. Auta na ciki."

Kujerarsa ta yi ƙara. Ya miƙe, sanƙonsa na sheƙi, ya ce ya gaji da wannan sharrin na cikin gida. Gobe bayan an tashi kowa ya zo shago, ya ji da kunnensa.

Washegari muka hallara, ni da Hedimasta da Mai Katako, ga masu jiran aski cike da benci, ga wani direba a kujera an shafa masa kumfa. Auta ta shigo da jakarta, ta gan mu, ta ɗan ja baya. Uban ya kai hannu zai ɗauko jaridarsa, sai Hedimasta ya ce a yi amfani da tasa, ya zaro ta daga jaka, ya buɗe tsakiya ya miƙa mata. Daga inda nake ina hango shafin. Tallar katifa ce, shafi guda cur, da hoton wani mutum yana barci yana murmushi.

Auta ta gyara tsayuwa, ta kafa ido a kan katifar, ta fara. Ta karanto ambaliyar da aka yi a wata ƙasa mai nisa, da yawan gidajen da ruwa ya ci. Ta karanto taron ministoci a kan farashin mai. Ta shiga wasanni. Ciyaman yana kaɗa reza a iska kamar mai ba da kiɗa, yana kallona da gefen ido. Amma yarinya ta ga idanu sun yi mata yawa, ta ƙara sauri, ta kasa tsayawa inda ta saba tsayawa. Sai muka ji ta ce, "To masu sauraro, ƙarshen labaran ke nan, sai ku ci gaba da kasancewa tare da mu."

Direban da ke kujera ne ya fara fashewa da dariya, kumfa ta shiga masa hanci. Benci ya ɗauka. Ciyaman bai yi dariya ba. Ya karɓi jaridar, ya ɗora yatsa a kan manyan haruffan sama, leɓensa na motsi a gaban kowa, abin da bai taɓa yarda a gani ba. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ka-ti-fa."

Auta ta fashe da kuka. Ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Tun da nake shiga shagon nan ban taɓa jin shi shiru haka ba, har ƙarar fanka ake ji. Ya tsuguna a gabanta ya share mata fuska da tawul ɗin kafaɗarsa, wanda duk gashin mutane ne, ya bar mata gashi a kumatu.

Cikin kuka ta ce, "Baba, ai kai ma ba ka taɓa duba takardar ba."

Ya ce, "Ban taɓa ba."

Ya miƙe ya dubi Mai Katako ya ce, "Babu yaron da zai yi zazzaɓi."

"Haba Ciyaman, jiya kai ne ka ce kamar aski..."

"Jiya ban san mai zazzaɓin ba."

Daga makon nan shagon aski ya koma rufewa bayan an tashi makaranta. Ya sa an kawo ƙaramin allo an jingina da madubi, yaran nan goma su cika benci, wasu a ƙasa, mai ƙoƙarin ranar a ɗora shi a kujera mai juyawa. Ni nake koyarwa. Muka koma farko, baƙi da wasali, ba kunya. Masu son aski su zo su leƙa, ya ce musu su dawo anjima, gashi ba ya gudu. Ya yi asarar wasu a cikinsu, suka koma wani shagon, bai damu ba, Yaya ce ta yi ta faɗa.

Shi kuwa yakan zauna can kusurwa wai yana wanke kayan aiki. Tsinken taje kai ɗaya zai riƙe yana gogewa har a tashi. Ina rubuta kalma a allo, in na waiga sai in ga leɓensa na tafiya tare da na yaran. Wata rana na rubuta kalma mai ɗan tsawo na ce wa zai gwada, kafin kowa ya ɗaga hannu sai muka ji daga kusurwa, "Makaranta!"

Yara suka juya. Ya ce, "Ina duba ko kuna biye ne."

Daga ranar ya daina ɓoyewa. Ya jawo kujera, ya sayi littafin rubutu irin nasu, gasa ta ƙullu tsakaninsa da Auta. Da farko yana gabanta, yana yi mata dariya. Ba a jima ba ta kamo shi ta wuce, don ita da ta gane yadda haruffa ke riƙe hannun juna, sai kunnen nan nata ya zama mata jari. Ta koma karanta duk abin da ta gani, gwangwanin hoda, bayan mota, takardar da aka ƙunso sabulu. Wata rana muna fitowa ta tsaya a bakin titi ta ɗaga kai tana kallon allon da ke saman ƙofar shagon.

Ta ce, "Baba, mene ne aksi?"

"Wane aksi?"

"Ga shi nan. Shagon Aksi."

Shekaru allon nan yana rataye haka. Duk malaman makarantar mun sani, Hedimasta ma a ƙarƙashinsa yake wucewa ya shiga a yi masa gyaran fuska, babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin faɗa. Ciyaman ya ja da baya har tsakiyar titi, ya bi haruffan da yatsa a iska, mai babur na yi masa hon. Ya juyo ya dube ni.

"Ke ma kin sani?"

"Tun ina aji uku."

Washegari da sassafe aka ga mai fenti a kan tsani, Ciyaman a ƙasa yana faɗa masa haruffan ɗaya bayan ɗaya, Auta na duba su duka biyun.

Ranar jarrabawa Ciyaman ya tsaya a ƙofa yana duba fuskoki. Kowa ya shigo sai yaro ɗaya, ɗan Mai Katako, wanda yana cikin masu ƙoƙarin ajin. Aka aika, saƙo ya dawo cewa zazzaɓi yake yi. Ciyaman ya tare mai babur ya hau. Ya sami Mai Katako a ƙofar gida yana rantsuwa da duk abin da ya sani cewa wannan na gaske ne. Ya shiga ya taɓa goshin yaron, ya ji zafi rau. Ya ɗan ji kunya, ya juya zai fita, sai yaron ya ce shi fa zai je, ba zai yarda 'yan benci su rubuta shi yana kwance ba. Haka aka kawo shi a kan babur, shi a tsakiya, uban a baya, an naɗe shi da ƙyallen aski saboda iska, ya sha magani a bakin aji ya shiga.

Da sakamako ya fito, ajin da ake taro bai ɗauki mutane ba, har ta taga ake leƙe. Sufeto ya manna takardarsa. A lissafi shuɗi yana gaba har yanzu, ko da yake tazarar ta ragu. A karatu kuwa sai da muka matsa kusa. Ciyaman ya zaro tsinken taje kai ya ɗora a kan sandunan biyu a kwance. Ja ya ɗara shuɗi da abin da bai fi kaurin silin gashi ba.

Ihun da ya yi sai da 'yan aji ɗaya suka fito da gudu. Ya rungume Hedimasta, ya rungume Mai Katako, ya kama hannun Sufeto yana girgizawa har tabarau ya zamo. Sufeto ya gyara shi, ya fyace hanci, ya ce gaskiya dai ya kamata a sani cewa bana jarrabawar ta yi tsauri, matsakaicin jihar ne ya ɗan sauko.

Ciyaman ya ce, "Ranka ya daɗe, da yake hawa ba ka taɓa ba mu uzuri ba. Yau ya faɗi kuma kana so ka ba shi? Ɗan'uwanka ne?"

Ranar na fara ganin haƙoran Sufeto.

Auta ta ci, ba a sama ba, ba a ƙasa ba, ta samu shiga sakandare. Cikin 'yan benci, yaro ɗaya ne kawai ya sake shekara. Sai dai fitar Auta ta zo da abin da Ciyaman bai yi tunani ba: dokar ƙungiya ta ce shugaba sai wanda yake da ɗa a makarantar. Hedimasta ya gaya masa a hankali, kamar mai cire ƙaya. Da yamma muna zaune a gidansu ya ba da labarin, sannan ya ɗaga kai ya dubi Yaya, ya daɗe yana kallonta.

Yaya ta ce, "Kada ma ka fara."

Mai Katako ne ya gaje shi, kuma ya riƙe abin da kyau, bai sake kawo zancen zazzaɓi ba. Amma har yau in ka ce Ciyaman a unguwar nan, mai aski za a nuna maka. Makarantar tun daga lokacin wata shekara ta hau, wata ta sauka. A karatu mun fi yawan zama a sama. Lissafi ne ya ƙi mu.

Yanzu ni ce shugabar makarantar, shi kuma hannunsa ya fara rawa, babban ɗansa ne ke riƙe da reza. Kwanan baya ya shigo ofishina ba sallama mai tsawo, ya zauna, ya ce ya yi tunani. Shekarun nan duk abin da aka manna a allo yarda kawai muke yi. Wa ya tabbatar mutanen ofishin nan suna raba makin daidai? Yana so a koya masa rabawa, mai dogon layin nan, ya duba da kansa.

Na ce, "Baban Auta, makin yaran jiha gaba ɗaya fa."

Ya ce, "Ina da lokaci."

Na sa shi a aji biyar, ranakun da ake lissafi. Yana zama a baya a kan kujerar da ya kawo daga shago, don benci ba ya ɗaukarsa. Yana ɗaga hannu fiye da kowa, yana musu da malamin a kan ragowa, wai in an raba abu har wani ya rage to ba a yi adalci ba. Aikin gida ne dai ba ya so. Makon jiya malamin ya kawo mini littafinsa yana murmushi, ya ce in duba. Aikin ya fito tsaf, lambobi a jere, sirara masu kwanciya gefe. Na san rubutun nan tun ina yarinya, da shi aka rubuta sunana a bangon littafina na farko.

Da yamma na biya gidan, na sami Yaya tana shanya. Na miƙa mata littafin na ce, "Kin ci bakwai cikin goma."

Ta karɓa ta duba, ta ɓata fuska ta ce, "Wanne ne na faɗi?"